Daga Kiɗan Simpa Zuwa Rumfunan Jam'iyya: Tashen Samarin Tamale Jiya da Shekaranjiya

Duk baƙon da ya shiga Tamale, a arewacin Gana, a shekarun da suka biyo bayan 2000, ya bi titi daga Aboabo zuwa Lamashegu, ko ya ratsa Sakasaka ya nufi Choggu, abu biyu ne za su fara ɗaukar idonsa. Na farko yawan babura da kekuna. Na biyu rumfunan kwano da ke jere a bakin hanya, kowace an shafe ta da fentin jam'iyya. Mai ja da fari da shuɗi da hoton giwa ta NPP ce. Mai baƙi da ja da fari da kore da hoton lema ta NDC ce. A ƙarƙashin rumfar akwai benci biyu ko uku, da kati ko allon dara, da butar shayi a kan gawayi. Sunayen da samarin suka raɗa wa ƙungiyoyinsu kuwa sai su sa baƙo ya waiga: Kandahar, Aluta, Al-Ƙa'ida, Al-Jazira. A labaran talabijin suka tsinci akasarin sunayen, don su ji tsoro a kunne.

Dattawan gari idan suka wuce waɗannan rumfuna sukan kaɗa kai, su ce yaran zamani sun lalace, ba haka suka taso ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai dai wanda ya haura shekara 65 a yau, shi ne saurayin da a 1975 ya tara suma, ya ɗinka wando mai faɗin ƙafa, ya tsallake katanga ya tafi silima. Taurin kan samari tsohon abu ne a Tamale, kowane zamani da irin kayan da yake sakawa. Abin da ya sauya shi ne, a wani lokaci cikin tarihin garin, wannan taurin kai ya sami masu saye.

Garin baƙi da samari

Tamale ba ita ce fadar Dagbon, ƙasar Dagomba, ba. Ya Na, sarkin Dagomba, a Yendi yake zaune. Abin da ya ɗaga Tamale shi ne matakin da Turawan Ingila suka ɗauka a 1907 na mayar da hedikwatar yankunan arewa can daga Gambaga. Daga nan ofisoshi da bariki da makarantu suka biyo baya, kasuwa ta buɗe. Hausawa fatake da mahauta, waɗanda kakanninsu suka san hanyar goro ta Gwanja tun kafin yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, suka kafa zangonsu. Mosawa da Yarbawa da mutanen kudu suka zo. Sunan unguwar Sabonjida ma shaida ne kan yadda Hausa ta zauna a bakin garin.

Gari irin wannan shi ne matattarar yaron da ya gaji da gonar ubansa. A ƙauye kowa ya san ɗan wane ne shi. A Tamale zai iya zama yaron mota, ko ɗan dako a kasuwar Aboabo, ko almajirin tela, ya riƙe kuɗinsa a aljihunsa, ya kashe su yadda ya ga dama. Al'adar Dagomba kuwa ba ta wasa da girman na gaba. Yaro zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida babba, yana amsawa da "Naa" har a gama gaisuwa. Kiɗa ma yana da masu shi: lunsi, makaɗan kalangun gado, su ne ke riƙe da tarihin sarakuna da kirarin gidaje. Saurayin da ke neman abin da zai kira nasa, dole ya nemo shi a wajen wannan tsari.

Gangar da dattawa suka ƙi

Abin da samari suka fara samu shi ne Simpa. John Collins, masanin kiɗan Gana, ya rubuta cewa kiɗan ya ɓullo a ƙasar Dagomba a shekarun 1930, lokacin da salon gargajiya ya haɗu da kiɗe-kiɗen kudu da abin da ake ji a faifan garmaho. Sunan ma na garin Winneba ne da ke bakin teku, wanda mutanensa ke kira Simpa. Samari ne ke buga ganguna, 'yan mata na rawa, da daddare, a dandalin unguwa. Ba a gadonsa, ba a neman izinin kowa kafin a koya. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa manya rai, balle ga haɗuwar maza da mata bayan isha'i.

Kowace unguwa da ƙungiyarta, kowace ƙungiya da waƙoƙin habaicin da take yi wa kishiyarta. Da rikicin sarautar Yendi tsakanin gidan Abudu da gidan Andani ya yi zafi, sai habaicin ya koma na sarauta. A ranar 9 ga Satumba 1969 jami'an tsaro suka buɗe wuta a fadar Yendi, mutane fiye da 20 suka mutu. A wannan yanayi hukuma ta hana kiɗan Simpa na wasu watanni, don tana ganin waƙoƙin suna rura wutar gaba.

Ƙannen 'yan Simpa suka fito da nasu, Atikatika. John Chernoff, Ba'amurken da ya koyi kiɗa a hannun lunsi a Tamale, ya ba da labarinsa a littafinsa na 1979. Yara ne ƙanana da matasa, da gangunansu, suna tsara waƙa kan duk wanda suka ga ya karkace, ko malamin makaranta ne, ko attajiri, ko mai sarauta. Abin da babba ba zai iya faɗa a fili ba, sai a ji shi a bakin yara a tsakiyar unguwa. Shi ma an sha hana shi, yana kuma dawowa.

Suma, wando da takalmin garanti

Gidajen silima biyu, Rivoli da Victory, su ne makarantar ado ta samarin Tamale. Finafinan kaboyi da na Indiya suka fara cin kasuwa, daga baya na Bruce Lee suka zo. Yaro zai kalli fim da daddare, da safe ya je wurin tela yana kwatanta masa wuyan rigar jarumin. Ba Tamale kaɗai ba ce. A Akra ta shekarun 1950 an yi wasu samari da ake kira Tokyo Joe, masu askinsu na daban, waɗanda suka ari sunan wani fim na Humphrey Bogart na 1949.

A ranar 6 ga Maris 1971 aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a Akra, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana suka hau dandamali. Faifan James Brown sun riga sun cika ƙasar. Adon baƙaƙen Amurka ya hau motocin haya ya iso arewa: suma tsaye kamar ba a san wanzami ba, da mataji a soke a cikinta, da riga mai kama jiki wadda ake barin maɓallanta na sama a buɗe, da takalmi mai tudun ƙasa da 'yan Gana ke kira garanti.

Wandon shi ne abin kallo. Wanda ba shi da kuɗin sabon yadi sai ya kai tsohon wandonsa ko na gwanjo wurin tela. Tela ya farke ɗinkin gefe daga gwiwa zuwa ƙasa, ya yanko ƙyalle mai kusurwa uku ya dasa, wani lokaci ma launinsa daban. Sama ya matse cinya, ƙasa ya buɗe har ya rufe takalmi. A goge shi da dutsen guga na gawayi har karinsa ya tsaya. Matsalar ita ce Tamale garin keke ne, kuma garin jar ƙura. Sai ka ga ɗan gaye ya ɗaure ƙafar wandon da roba don kada sarƙar keke ta cinye, in ya kusa inda 'yan mata suke ya sauka, ya kwance robar, ya kakkaɓe, ya ƙarasa da ƙafa.

A ƙofar gida ake yin ta. Wandon da ya matse cinya ba ya barin mutum ya durƙusa yadda ya kamata, takalmin garanti kuma ba ya tuɓuwa da sauri kamar fade. Uba yana zaune a zaure yana kallon ɗansa na kokawa da kayan jikinsa kafin ya iya gaishe shi. A wurin uban, wannan kaya an ɗinka shi ne don kada a gaida manya. Shi ya sa hular da ake cusa suma a ciki kafin a shiga gida ta yi amfani, shi ya sa kuma gidaje da yawa suka sha kiran wanzami da sassafe ba tare da shawarar mai kan ba. 'Yan mata ma sun sha nasu faɗan a kan gajeren siket da gashin kanti.

Ta wani gefen kuma wata bijirewar ce ta daban ta tunkaro dattawan. Afa Ajura, malamin da ya kafa makarantar Anbariyya, ya shafe shekaru yana wa'azi kan al'adun biki da na makoki da yake ganin bidi'a ne, har rasuwarsa a 2004. Matasa da yawa suka bi shi, wasu suka tafi karatu Madina suka dawo da jallabiya da gemu da wando ɗangalalle. Gida ɗaya sai ka sami ɗa mai wandon da ke sharar ƙasa da ɗa mai wandon da bai kai idon sawu ba, kowannensu yana ganin tsohon bai gane ba.

'Yan Agege da wandon Otto Pfister

Ƙarshen shekarun 1970 tattalin arzikin Gana ya durƙushe, samari suka kwarara Najeriya neman kuɗin mai. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba 1981, dokar hana fitar dare ta fi shekara biyu tana aiki, ta kashe gidajen rawa da ƙungiyoyin kiɗa. A farkon 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida a shekarar fari da gobarar daji. Aka riƙa kiransu 'yan Agege, da sunan unguwar Legas da da yawansu suka zauna. Sun dawo da rediyo mai kaset da ake saɓawa a kafaɗa, da wandon jins, da baƙin tabarau, da bakin Legas. Kuɗin bai daɗe ba, amma salon ya zauna.

Silima ta mutu, gidajen bidiyo suka maye gurbinta, Rambo da Commando suka zama sunayen da yara ke kiran junansu. Masu son Bob Marley suka bar gashi ya murɗe. A 1991 ƙungiyar ƙwallon Gana ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta ci kofin duniya a Italiya a hannun koci Bajamushe, Otto Pfister, mutumin da wandonsa ke yawan zamewa ƙasa da ƙugu a bakin fili. Har yau, daga Akra zuwa Tamale, idan yaro ya saki wandonsa ƙasa, sunan wannan bawan Allah ake kira.

A duk tsawon waɗannan shekaru akwai faɗan unguwa. Ana yi a kan budurwa, ko a filin ƙwallo idan Real Tamale United na wasa, ko a daren bikin wuta na Bugum da samari ke fita da bakin wuta da kayan yaƙin kakanni. Faɗa ne na dambe da sanda, in ya yi tsanani a ga wuƙa. Kuma mai unguwa ko liman yana iya kashe shi da kira ɗaya, domin yaran ba su da wani uban da ya fi nasu.

Lokacin da benci ya sami ubangida

'Yan siyasa sun daɗe da sanin amfanin ƙarti. A Kumasi tsakanin 1954 da 1956 jam'iyyar NLM tana da Action Groupers, CPP ta Kwame Nkrumah ma tana da nata. A Kano ma a 1953 aka yi Jam'iyyar Mahaukata, wadda aka kafa don ta razana 'yan NEPU. Amma a Tamale abubuwa uku ne suka haɗu suka mayar da bencin hira wani abu daban.

Na farko dawowar siyasar jam'iyyu a 1992, da zaɓe duk shekara huɗu tsakanin jam'iyyu biyu masu kusan ƙarfi ɗaya. Na biyu yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gwanjawa, wanda ya faro daga gardamar cinikin zabo a wata kasuwa kusa da Bimbilla, ya ci rayuka sama da 1,000, ya bar bindigogi a hannun jama'a. Na uku kisan Ya Na Yakubu Andani na II tare da mutane wajen 30 a Yendi ranar 27 ga Maris 2002. Aka kafa dokar ta-ɓaci da ta hana fita, ba a ɗage ta a Tamale da Yendi ba sai a watan Agusta 2004. Jama'a suka ɗauka cewa gidan Abudu na tare da NPP, gidan Andani na tare da NDC. Daga nan jam'iyya ta zama maganar jini da gida, unguwanni suka rabu, kowa ya san layin da ba zai bi da rigar jam'iyyarsa ba.

A wannan yanayi Azorka Boys suka yi suna a ɓangaren NDC, da sunan Sofo Azorka wanda ya shugabanci jam'iyyar a Yankin Arewa, Kandahar Boys kuma a ɓangaren NPP. George Bob-Milliar, malamin jami'a a Kumasi, ya yi nazari a kan waɗannan rumfuna masu fentin jam'iyya, ya nuna cewa a can ake yin ainihin siyasar ƙasa-ƙasa, fiye da ofisoshin jam'iyyun.

Yadda abin ke tafiya ba boyayye ba ne. Abokai ne 'yan unguwa ɗaya, wasu makanikai, wasu mahauta, wasu sun gama sakandare ba aiki. Suna da shugaba da ma'aji, suna tara kuɗi idan ɗayansu zai yi aure ko suna. Da la'asar ƙaramin cikinsu zai hura gawayi, ya zuba ganyen shayin Sin a 'yar buta, ya yi ta ɗaga hannu yana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi. Zagaye uku ake sha, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma kafin a gama awa biyu ta wuce. Wannan shi ne ataya, abin da Zinder da Yamai suka sani a fada, Kano ta sani a majalisa. Wata rana sai mai neman kujera ya tsaya da mota. Ya sayi kwanon rufi da fenti, ya bar kuɗin sukari. Gaba ya kawo talabijin da tauraron ɗan Adam don kallon ƙwallon Turai. Gaba babur. Ranar da 'yan sanda suka kama ɗayansu, shi zai yi waya a sake shi. Idan zaɓe ya zo, su ne masu manna hotuna, su ne jerin baburan da ke gaban motarsa, su ne masu "tsaron akwati". Galibin rumfunan a nan suke tsayawa, ba su taɓa ɗaukar adda ba. Kaɗan ne ke ƙarasawa, amma kaɗan ɗin sun isa su hana gari barci.

Bayan an ci zaɓe sai a zo biyan bashi. A 2009 da kuma 2017, duk lokacin da mulki ya sauya hannu, an ga magoya bayan jam'iyyar da ta ci suna ƙwace bayan gida na haya da tashoshin mota, suna garƙame ofisoshin gwamnati don a naɗa nasu. A watan Afrilu 2017 'yan Delta Force suka kutsa kotu a Kumasi suka fitar da 'yan uwansu 13 da ake tuhuma. A watan Agusta 2018 'yan Kandahar suka shiga Asibitin Koyarwa na Tamale suka fitar da shugabansa daga ofis, ma'aikatan lafiya suka janye aiki don nuna fushi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: yaron da ya kori shugaban asibiti ya san wanda zai kira idan an kama shi.

Doka ta zo, sunaye sun ɓuya

Shekarar 2019 ta kawo sauyi biyu. A watan Janairu, bayan dogon sulhun da kwamitin manyan sarakuna uku ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na II ya jagoranta, aka naɗa sabon Ya Na, Abukari na II, kujerar da ta kusa shekara 17 ba mai ita. A ranar 31 ga wannan watan kuma aka yi harbe-harbe a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Akra, abin da ya sa aka kafa kwamitin bincike na Emile Short. Majalisa ta zartar da doka mai lamba 999 wadda ta haramta ƙungiyoyin bangar siyasa, ta ambaci fiye da 20 da sunayensu, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ga mai kafa su ko ɗaukar nauyinsu.

Sulhun Yendi ya sanyaya gari ƙwarai. Dokar kuma ta sa an rage bugun ƙirji da sunayen. Amma ba ta raba mai neman kujera da ƙarti ba. A ranar zaɓen 7 ga Disamba 2024 an harbe mutum har lahira a Nyankpala, kusa da Tamale. Ga kuma sabuwar annoba da samarin 1975 ba su sani ba. Tun wajen 2017 tiramol ya zama abin magana a duk faɗin Gana. A farkon 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ƙwayoyi masu haɗari da ake sarrafawa a Indiya suka cika lungunan Tamale, har mutanen gari suka kafa rundunar sa-kai suna kai samame maɓoyar dillalai. Mai karatu a Kano da ya san 'yan daba, ko a Gombe da ya san Kalare, ko a Bauchi da ya san Sara-Suka, ko a Zinder da ya ga fim ɗin Aicha Macky na 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Duk da haka samarin garin ba su daina ƙirƙiro nasu ba. Sheriff Ghale ya ɗaga rege da harshen Dagbani. Fancy Gadam da Maccasio sun cika filin wasa na Aliu Mahama, mai ɗaukar mutum wajen 20,000, da magoya baya masu rina gashi da yagaggen wando, kowane ɓangare na cika baki kamar ƙungiyoyin Simpa na da. A 2018 waƙar Fancy Gadam, Total Cheat, ta lashe kyautar waƙar shekara ta ƙasar Gana baki ɗaya. Batakari, rigar saƙi da kakanni ke sawa, wadda Nkrumah ya saka daren samun 'yanci a 1957, ta dawo jikin matasa a kan wandon jins.

Tarihin nan yana da darasi ga iyaye da malamai da masu unguwanni. Shekara 90 ke nan ana faɗa da samarin Tamale a kan ganga da gashi da tsawon wando, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa kashe mutum. Masu suman 1975 sun aske, sun yi aure, sun je Makka, yau su ne a sahun gaba a masallaci. Waɗanda aka rasa su ne waɗanda wani babba mai babbar riga ya saya wa babur da ƙwaya, ya nuna musu abokin gaba. Ƙarfin da ake kashewa wajen bin yaro da almakashi, da za a juya rabinsa wajen tambayar wa ke biyan kuɗin rumfa, wa ke zuwa belin mai adda, kuma wace sana'a ce za ta tashi yaro daga benci kafin azahar, da zaɓe mai zuwa ya zo da sauƙi a Tamale, da ma Kano da Zinder.